Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Amurka, kan besbol da dabarar bant

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da gurbin da ka samu a jihar Ohio, Allah Ya sa albarka. Ka ce ka ɗan taɓa kurket a sakandare, kana tunanin ko ka koma besbol don samun tallafin karatu, sai dai ƙanƙantar jikinka na ba ka tsoro. Ka kuma tambayi abin da ka gani a bidiyo, inda mai bugu ya ƙi dukan ƙwallo, ya gitta sanda kawai ta dungure a gabansa ya sheƙa da gudu.

In ka iso za ka ji ana cewa wani soja, Abner Doubleday, ne ya ƙirƙiro wasan a Cooperstown a 1839. Kada ka yi musu da mai masaukinka, amma tatsuniya ce. Wasan ya tsiro ne daga wasannin sanda da ƙwallo da aka zo da su daga Ingila. Kulob ɗin Knickerbocker na New York ya rubuta dokokinsa a 1845, aka kuma lallasa shi 23 da 1 a Hoboken ranar 19 ga Yuni, 1846. A jihar da za ka je, a Cincinnati, aka fara haɗa ƙungiyar da kowa a cikinta ke karɓar albashi a fili, a 1869, kuma kyaftin ɗinta Harry Wright haifaffen Sheffield ta Ingila ne, ɗan kurket. Ka ga ashe tunaninka ba daga sama ya faɗo ba.

Abin da ka gani a bidiyo shi ne bant. Wanda aka fi danganta shi da shi Dickey Pearce ne na ƙungiyar Atlantic ta Brooklyn, gajeren mutum mai kauri, wanda tsayinsa bai kai ƙafa biyar da rabi ba. A shekarun 1860 kowa burinsa ya narka wa ƙwallo duka ta yi nisa, masu tsaro kuma su ja baya suna jira. Shi kuwa sai ya sassauta hannu, ya tare ta, ta mutu a gabansa, kafin mai jifa ya ruga ya ɗauka, shi Pearce ya riga ya isa tasha ta farko, inda mai bugu ke fara gudu ya tsira. 'Yan kallo da yawa sun ɗauke shi aikin ragwaye. Amma Pearce yana cikin waɗanda suka karya lagon Cincinnati ranar 14 ga Yuni, 1870, ci 8 da 7, bayan ta yi fiye da shekara ba a doke ta ba, kuma bai bar babbar gasa ba sai 1877 yana da shekara 41. To batun ƙanƙanta ka cire shi daga ranka.

Abin da nake so ka duba da kyau shi ne yadda ta kaya da abokan zamaninsa. A lokacin, in ƙwallo ta fara taɓa ƙasa a cikin fili sannan ta gangara waje, doka ta ce halal ce. Ross Barnes ya ƙware wajen murza ta haka, ta sauka ciki ta zille gefe inda ba mai tsaro. A 1876, shekarar da aka kafa babbar gasar National League, cikin duk bugu 100 yana dacewa da kusan 43, ba wanda ya kamo ƙafarsa. Da aka shiga 1877 aka soke wannan doka, ga kuma rashin lafiya ta kwantar da shi a shekarar. Har yau ana gardamar wanne ya fi karya shi, amma bai sake komawa yadda yake ba, ya bar wasa a 1881 yana ɗan shekara 31. Na Tommy Barlow ya fi ban tausayi. Shi ma wasu na ba shi lambar ƙirƙiro bant. Ya ji rauni a 1874 yana buga wa ƙungiyar Hartford, likita ya yi masa allurar mofin, maganin kashe zafi, ya kamu da jarabarta, zuwa 1875 wasa ya ƙare masa. Ita dabarar ma ba a ƙyale ta ba: a 1894 aka ce in ka yi bant ta fita waje, an ƙirga maka kuskure. Yanzu kuwa masu lissafi cewa suke sadaukar da ɗan wasa ta bant, wato a bari a fitar da mai bugu don abokinsa ya matsa tasha ta gaba, asara ce, tsofaffi na tsaki. Ni dai har yanzu ina jin daɗin ganin an yi ta daidai.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: ba na ganin za ka samu tallafi ta besbol. Yaran nan tun suna shekara biyar iyayensu ke kai su fili, ga 'yan Dominika da Benezuwela da suka tashi ba su san wani wasa ba. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda ya girma a ɗakin kulob ɗin besbol inda mahaifiyarsa ke aiki, ya sa hannu da ƙungiyar Pittsburgh ta Amurka a 2008, bai taka babbar gasa ba sai 2017. Kuɗin makarantarka ka neme shi ta sakamakon jarrabawa da aikin cikin jami'a da bizar ɗalibi ta yarda da shi.

Amma ka koyi wasan, domin da shi ake buɗe hira da malami da maƙwabci a nan. Jami'o'i da yawa na da ƙungiyar 'yan sha'awa, wasu har da ta kurket wadda ɗaliban Indiya da Fakistan ke riƙe da ita, can za a yi maraba da hannunka. Ana buga kakar daga ƙarshen Maris zuwa Satumba, in ka sauka a Agusta za ka riski wasan ƙungiyar Reds a Cincinnati, kuma akwai gidan tarihinsu jingine da filin. Ka taho da rigar sanyi ko da an ce bazara ce. Ka gaida min su Baba da Inna.