Amsa ga ɗan'uwa mai Exchange 2013 da aka ce ya koma gajimare

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce shekara takwas kana riƙe da Exchange 2013, sabar imel ta Microsoft, a ofishinku, yanzu manya sun ce a koma Microsoft 365, wato gajimare, inda saƙonni ke zama a sabobin Microsoft ta intanet, kana fargabar iliminka ya zama tsohon yayi, ba ka san ta inda za ka kama ba. Na taka wannan hanyar da ƙafata, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Manyanku sun yi gaskiya, zaman 2013 ya ƙare. Tun Afrilu 2023 Microsoft ta daina yi mata faci, 2016 da 2019 ma wa'adinsu ya cika a Oktoba 2025. Mai son ajiye saba a gida yanzu sai sabuwar Exchange, wato Subscription Edition. Ban manta Maris 2021 ba, lokacin ɓarakar ProxyLogon da ta ba masu kutse hanyar shiga Exchange. A ofis na kwana, ina bin manyan fayil ɗaya bayan ɗaya ina neman baƙin fayilolin aspx da masu kutse ke dasawa, gabana na faɗuwa. Daga daren nan na daina yi wa tsohuwar saba kara.

Iliminka kuwa yana nan daram. Wanda ya iya karanta bayanan kan saƙo (header) ya gane inda ya maƙale, ya san dokokin zirga-zirgar wasiƙu, zai ci moriyarsa a can. Abin da za ka sauke shi ne dakon ƙarfe: faifai ya cika, DAG (rukunin sabobin da ke riƙe wa juna kwafin akwatunan imel) ta karkace, janareto ya mutu da tsakar dare. Abin da zai hau kanka shi ne asusun mutane, wato wane ne wane, da yadda yake shiga. Nan nake so ka zuba ƙarfinka.

Mu akwatunan imel 140 muka kwashe. Na ɗauka kwasar saƙonni ce za ta ba ni wuya, ashe Active Directory ɗinmu ce, wato rajistar asusun ma'aikata. Sunayen shiga duk suna ƙarewa da .local, wanda gajimare bai san da shi ba. Ga ma'aikatan da suka bar aiki tun shekara biyar asusunsu na raye. Ga mutum biyu masu suna ɗaya an lanƙaya musu adireshi guda. Mako uku na yi da IdFix, manhajar gano kurakuran asusu, ina shara kafin na yarda na kunna Entra Connect (mai kwafar asusun gida zuwa gajimare, shi ne Azure AD Connect na da). Don Allah kada ka tsallake wannan sharar, duk dattin da ka bari sai ya bi ka can, kuma a can ya fi wuyar wankewa.

Sai layin intanet, wanda mu nan ƙasar shi ne ke karya lissafi. Ka auna ƙarfin turawa, ba na saukewa kaɗai ba. Akwatin wani shugabanmu ya kusa giga 40, kwana da kwanaki yana tafiya. Mun bi tsarin ƙafa biyu, wasu a gida wasu a gajimare, muna turawa da dare har kowane rukuni ya kai kashi 95 ya tsaya, daren Juma'a mu ƙarasa. Kuskurena shi ne safiyar Litinin: kowace kwamfuta ta hau sauke saƙonnin shekara guda a lokaci ɗaya, layi ya shaƙe. Ka rage abin da Outlook ke ajiyewa zuwa wata uku tun kafin ranar.

DNS ma, tsarin adireshin intanet, ka koye shi kamar karatun allo. Kwana biyu kafin ka taɓa MX (mai nuna inda za a kai saƙonninku) ka rage TTL (tsawon lokacin da ake riƙe tsohon bayani), ka gyara SPF, ka kunna DKIM, ka sa DMARC, waɗannan ukun su ne shaidar cewa saƙo daga gare ku yake. Tun Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan wannan. Kuma ka zagaya ofis da biro da takarda. Ranar da na kashe tsohuwar saba, injin fotokwafi ya daina tura takardu, manhajar akanta ta daina aika rasit, domin duk ta cikinta suke bi ban sani ba.

Ta fuskar karatu, PowerShell ɗinka, wurin rubuta umarni, za ka wasa. Ka sayi domen mai araha, ka buɗe asusun gwaji na wata ɗaya, ka fara da umarnin Connect-ExchangeOnline da Get-EXOMailbox, ka ɓata ka gyara inda babu mai kuka. Darussan Microsoft Learn kyauta ne. Idan satifiket kake so, an rufe jarrabawar MS-203 a ƙarshen 2023, ka duba MS-102, amma bayan hannunka ya faɗa.

Abu biyu ka gaya wa manya a rubuce. Lasisi kuɗi ne da ba ya yankewa, kuma yana bin dala. Sannan idan aka cire wa mutum lasisi, bayan kwana 30 akwatinsa ya tafi. Wanda ya bar aiki ka mayar da nasa akwatin tarayya tukuna, ba ya buƙatar lasisi matuƙar bai wuce giga 50 ba.

Ka turo mana yawan akwatunanku, da ƙarfin turawar layinku, da abin da sunayen shiga ke ƙarewa da shi. Da waɗannan uku zan iya ce maka ko kwasa ɗaya za ku yi ko ƙafa biyu. Allah ya yi jagora.