Amsa ga 'yar uwar da maganin Hajiyarta yake sakinta kafin lokaci

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sau biyu na karanta tambayarki, wallahi sai da idona ya ciko, don kamar labarin gidanmu kike bayarwa. Kin ce da can Hajiya in ta sha levodopa, maganinta na cutar Parkinson, sai ta wuni garau, yanzu kuwa kafin awa 3 ya sake ta, ƙafa ta kafe, hannu ya koma rawa, kina tunanin ko jabu ake sayar muku. Ni ma sai da na canza kemis uku a kan Baba saboda wannan zargin.

Likitan jijiyoyi ne ya zaunar da ni, ya zana mini a bayan katin asibiti. Ya ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai 'yar tazara a tsakaninsu, da sinadari suke tsallakar da saƙo. Ƙwayar da ke yin dopamin, sinadarin da ke taimaka wa jiki motsi wanda ke yin ƙaranci a wannan ciwon, ba ta barinsa a zube, ƙulle shi take yi cikin wasu mitsi-mitsin jakunkuna a bakin jijiya, kamar yadda mai tebur ke ƙulla gishiri a leda ya jera. Ƙanƙantarsu ta kai sai an jera kusan 25,000 kafin su cika milimita ɗaya. Saƙo na isowa, jaka ta manne da bangon jijiyar ta buɗe ta juye abin da ke cikinta, a dawo da ita a sake cikawa.

To a farkon ciwon da sauran ƙwayoyi masu rai, su ne ke karɓar maganin su mai da shi dopamin, su adana a jakunkunan suna saki a hankali. Shi maganin ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinsa ya tafi. Da ƙwayoyin suka ci gaba da mutuwa sai rumbun ya ragu, jiki ya koma hannu baka hannu ƙwarya: akwai magani a jini a motsa, ya ƙare a kafe. Ba lallai ne jabu ba, 'yar uwa, wurin ajiyar ne ya yi kaɗan. Ya kuma gaya mini akwai wani furotin, alfa-sinuklin, da ke zama a jikin waɗannan jakunkuna, a cutar Parkinson sai ya cure ya dunƙule a cikin ƙwayar. Tun 1997 aka gano alaƙarsa da cutar, kuma masu bincike na duba ko cikin wasu 'yan jakunkunan da ƙwaya ke fitarwa waje yake bi ya tsallaka zuwa maƙwabciyarta.

Amma abin da nake so ki kiyaye fiye da komai shi ne maganin amai. Mu shi ya kusa kai Baba ƙasa. Na yi tafiyar kwana huɗu biki, tashin zuciya ya dame shi, ƙanena ya je kemis ɗin bakin layinmu. Mutumin ya san Baba, a wurinsa muke sayen levodopa wani lokaci, amma ya ɗauko metoclopramide ya ce a ba shi sau uku a rana. Daren da na dawo na tarar da Baba tsaye a ƙofar banɗaki, buta a hannu, ya fi minti 20 a wurin, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, yawu na zuba a gaban rigarsa. Fitsari ya ƙwace masa a tsaye. Mutumin da ya yi shekaru yana jan sallah a masallacin unguwa ya dube ni hawaye na gangarowa, bakin ma ya kasa furta sunana. Ni na wanke shi a daren. Washegari likita ya ce wannan maganin wurin da dopamin ke sauka yake toshewa, wato ɗan abin da ya rage a jakunkunan ma ya rasa mai karɓarsa. Da na koma na gaya wa mai kemis, cewa ya yi ai maganin amai ne, kowa na sha. Ko sannu bai ce ba. Har yau in na bi ta gaban shagon sai ƙirjina ya yi zafi. Ki rubuta sunan maganin nan, ki haɗa da haloperidol da prochlorperazine, ki manna a bangon ɗakinta don kada kowa ya ba ta su.

Kada ki ƙara mata ƙwaya da kanki, kada kuma kowa ya sa ku daina ba ta rana ɗaya, hatsari ne babba. Ki samu littafi ki yi mako guda kina rubuta lokacin da ta sha da lokacin da ya sake ta, ki kai wa likita. Mu da haka ya raba wa Baba nasa ƙanana-ƙanana sau biyar. Sai abinci: ƙosai, alale, nama, nono, duk suna gogayya da maganin a hanji. Baba da ƙosai da koko yake haɗiye nasa, da muka koma ba shi minti 30 kafin karin kumallo mun ga bambanci. Ƙwayar ƙarin jini ma a raba su da kamar awa 2. In bayan gida ya ƙi fita magani ba ya kamawa da wuri, ki dage da ruwa da gwanda.

In ƙafarta ta kafe kada ki ja ta. Ki sa taki ƙafar a gabanta ki ce ta tsallaka, ko ki ƙirga mata ɗaya, biyu. Baba kuma in ransa ya ɓaci nakan kunna masa bidiyon Muhammad Ali, wanda shi ma ya yi fama da wannan ciwon, yana kunna wutar gasar Olympics a Atlanta a 1996, hannunsa na rawa a gaban duniya, sai ki ga ya ɗan saki fuska.

Ke ma ki riƙa samun barci, ki raba kwanan jinya da 'yan uwanki. Allah Ya ba Hajiya sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ki gaya mini ƙarfe nawa take shan na safe, kuma da me take karyawa.