Tambaya da amsa: maijegon da ta ƙi ɗanta, da matar da ciwon kanta ba ya jin magani

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bara na gama karatu aka turo ni wani gidan likita na ƙauye a yankin Magarya. Mu biyu ne da ungozoma. Sati biyu da suka wuce aka kawo mini wata maijego a amalanke, kwananta tara da haihuwar fari. Tun daren suna ba ta runtsa ba, sai surutu, tana cewa an musanya mata ɗa, ta ƙi ba shi nono. Uwar mijinta ta ce iska ce ta buge ta a wurin wankan jego. Na yi mata allurar diazepam ta yi barci, da ta farka suka wuce da ita wajen wani malami, ban sake jin ɗuriyarta ba. Akwai kuma wata da ke zuwa kusan kowace ranar kasuwa: yau ciwon kai, gobe faɗuwar gaba, jibi jiki ya mutu. Na gwada masassara babu, jini bai hau ba, paracetamol kawai nake ba ta. Malam, yaya zan gane irin waɗannan, kuma ina aikina ya tsaya tunda ni ba likitar ƙwaƙwalwa ba ce?

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da aiki. Na yi shekaru a ɗakin masu taɓin hankali a nan Damagaram, kuma irin waɗannan mata biyu na gan su ba adadi, galibi bayan an yi ta yawo da su har kuɗi da ƙarfi sun ƙare. Ke kuwa a hannunki suke fara sauka.

Kalmar hauka buhu ce babba. Bahaushe ya zuba mai zazzaɓin da ya hau kai, da mai farfaɗiya, da yaron da tramol ya kayar, da wadda baƙin ciki ya rufe wa baki, da mai jin muryoyi, duk ya ɗaure bakin buhun da suna ɗaya. Aikinki na farko ki kwance shi ki zazzage, domin a ciki akwai wanda zai iya mutuwa kafin asuba, akwai kuma wanda zama da sauraro ne rabin maganinsa.

Wanda zai iya mutuwa kafin asuba shi ne mai ruɗewa, wato wanda wata cuta ta jiki ta gigita masa ƙwaƙwalwa. Alamarsa ba ta ɓuya ga mai lura. Abin yakan zo farat ɗaya, cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu. Da hantsi ki same shi garau yana gaishe ki, da almuru ya koma sambatu yana tsintar abin da babu a kan tabarma. Ki tambaye shi wane gari ne nan, yau wace rana, wace ce wannan da ke riƙe da shi. Ki ce ya jera miki ranakun mako da baya, daga Juma'a zuwa Alhamis zuwa Laraba. Mai ruɗewa zai ɓace a hanya. Shi kuwa mai ainihin taɓin hankali, ko yana rantsuwa maƙwabci na aiko masa magana ta cikin bango, yawanci ya san inda yake, ya san ranar, zai ma iya gyara miki lissafi.

Abubuwan da ke kawo ruɗewa a ƙasarmu kin san su. Daga Agusta zuwa Oktoba ki fara zargin masassara. Daga hunturu zuwa bazara kada hannunki ya manta da wuyan majinyaci, don sanƙarau ba baƙo ba ne a wajenku. Wanda aka yi a ƙarshen 2022 a Dungas ya fi tsanani, ga ta nan kusa da ku. Sai taifot, da ƙarancin ruwa bayan zawo, da faɗuwar sukari, da ciwon huhu a jikin tsoho, da mashayin giya da ya daina sha kwana biyu ko uku saboda an kwantar da shi. Ina sabon ma'aikaci, a wani asibiti da ba sai na kira sunansa ba, wani dattijo da ake wa ƙarin ruwa da kinin, maganin masassara, ya tashi cikin dare yana zufa yana zagin kowa. Muka taru muka ɗaure shi a gado da zane, na rubuta cewa ya haukace. Wata tsohuwar ma'aikaciya ce ta zo ta dube shi, ba ta ce mini komai ba, ta ɗura masa ruwan sukari a jijiya. Kafin a jima ya dawo hayyacinsa yana tambayar wa ya ɗaure shi. Kinin yana zubar da sukari, na karanta, na ma ci jarrabawa a kai, amma da na ga zagi sai karatun ya gudu.

To ga maijego, kafin ki ce komai game da hankalinta: zafin jiki, tansiyo (wato awon hawan jini), gwajin masassara, sukari in kina da abin awo. Ki duba jinin biƙi ko yana wari, ki danna mara, ki dubi nono ko ya yi ƙurji, ki buɗe fatar ido ki ga ko jini ya yi ƙasa. Tansiyo da ya kai 140 bisa 90 tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani, ki tuna jijjiga tana zuwa ko bayan an haihu. Ba zan ga laifinki a kan allurar da kika yi ba, ke kaɗai ce da mace tana fizge-fizge. Amma ki sani diazepam yana kwantar da jiki ne ya bar cutar tana aikinta, a mai ruɗewa kuma yakan ƙara dagula lamarin ya danne numfashi. Wurinsa na gaskiya shi ne jijjigar farfaɗiya da mashayin da jikinsa ke neman giya. Wata illar kuma, da dangi suka ga ta yi barci sai suka ɗauka likita ya yi iyakar yinsa.

In jikin ya fita lafiya lau, abin da kika bayyana ya yi kama da taɓin hankalin jego. Yana samun mace ɗaya zuwa biyu a cikin haihuwa 1,000, yawanci a sati biyun farko, kuma ya fi yawa a haihuwar fari. Rashin barci ne ke fara shigowa, sai surutu, sai tunanin da ba ya gyaruwa da bayani, kamar nata na cewa an musanya mata ɗa. Kada ki haɗa shi da ɗan kukan nan da saurin fushi da mata da yawa kan yi a kwana na uku zuwa na biyar, wanda ke wucewa da kansa kafin sati biyu. Wannan na gaggawa ne, daidai da zubar jini, domin tana iya cutar da kanta ko jaririn ba da niyyar mugunta ba. Ba a barin ta ita kaɗai da shi ko na ɗan shiga bayan gida, ba a kuma raba su ɗungurungum. In ta natsu a kawo shi ta gan shi, ta shayar in ta yarda, wata babba na zaune a gefe. Ki rubuta takardar turawa ran nan, zuwa asibitin gunduma ko ɓangaren masu taɓin hankali na babban asibitin Damagaram. Abin da za ki faɗa wa miji da gaba gaɗi shi ne, wannan ciwo yana jin magani sosai, akasarin mata suna komawa ɗakinsu su yi renon ƴaƴansu. Sai dai yana iya dawowa a haihuwa ta gaba, don haka a rubuta shi a katin awonta.

Yanzu batun iska. Ƙanwata, kada ki ɓata yawunki wajen musu da uwar miji. In kin ci gardama kin rasa majinyaciya, don ita ke riƙe da kuɗin mota da izinin tafiya. Ni abin da nakan ce shi ne: "Inna, addu'a ba ta hana allura, allura ba ta hana addu'a. A ci gaba da tofi da rubutu, amma yarinyar nan kwana uku ba ta yi barci ba, ku bar mu mu taimaka ta wannan gefen." Tsofaffin wannan fanni a Afirka sun riga mu gane haka. Likita Lambo ɗan Najeriya, a Aro ta Abekuta, tun 1954, cikin gidajen ƙauye ya riƙa saukar da majinyata tare da danginsu, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya. Likita Collomb, Bafaranshe, a asibitin Fann na Dakar shi ma tare da ɗan rakiya daga gida ake kwantar da mutum. Inda zan tsaya in kafe ba sassauci wuri huɗu ne: ɗaurin mari ko turu, duka da sunan korar aljani, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da hana abinci. In kin san malamin, ki je ki gaishe shi da ladabi. Da yawansu sun fi so a raba musu nauyin mai tashin hankali, kuma wanda kika girmama yau shi zai aiko miki da na gobe.

Abu ɗaya kan rushe duk wannan yarda cikin dare guda, shi ya sa nake gaya wa dangi tun kafin ya faru. Magungunan da muke amfani da su, haloperidol da chlorpromazine wanda aka fi sani da Largactil, a kwanakin farko sukan sa wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya fito, musamman ga matasa. Wanda ba a gaya masa ba zai ce aljanin ya ƙi allura, ya ɗauke ɗiyarsa cikin dare. Alhali illar magani ce da ke warwarewa da Artane ko makamancinsa. Shi Artane ɗin ki riƙa ƙirga shi, don samarin fada, wato majalisar hira, sun san shi sun kuma san abin da suke nema a ciki.

Mace ta biyu ta fi yawa a layinki nesa ba kusa ba, kuma ita aka fi wucewa. A wurinmu mace ba ta zuwa gidan likita ta ce ina baƙin ciki. Kunya ba za ta bari ba, kuma ba ta ɗauka wannan abin kawowa likita ne ba. Sai jiki ya yi magana a madadinta: kai, ƙirji, gaɓoɓi, wani abu na yawo a ƙarƙashin fata. Ciwon kan nan gaskiya ne, tana jin sa, kada ki taɓa ce mata lafiyarki ƙalau. Ki tabbatar ba ƙarancin jini ba ne, ba ƙaramin ciki ba, ki shafa wuya ko akwai maƙoƙo. Sannan ki ce da ƴar rakiya ta ɗan jira a waje, ki ajiye biro, ki fara daga barci da cin abinci, don waɗannan ba abin kunya ba ne. Daga nan ki matsa: "Yaya, tunani yana damunki?" Wannan kalma ta tunani ita ce mabuɗi, na fi samun amsa da ita fiye da kowace. Sai ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo, ki daure. A nan ne za ki ji an yi mata kishiya, ko maigida ya tafi Libiya shekara biyu ba aike, ko ta binne yara biyu a damina ɗaya, ko ana dukanta.

Ciwon damuwa ya bambanta da ɓacin rai na yau da kullum ta wajen daɗewa da nauyi. In ta kai sati biyu kusan kullum zuciya a dagule, abin da take jin daɗinsa da, biki ko hira ko ƴar sana'arta, duk ya fita ranta, ga rashin barci da kasala har aikin gida na gagararta, to ya zama ciwo. Ki kuma yi tambayar da kowa ke tsoro: "Ko yakan kai ki ga jin gara mutuwa? Kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu?" Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, wanda ke ɗauke da shi sauƙi yake ji an tambaye shi. In ta amsa da e, kada ki yi mata wa'azin wuta, ta riga ta sani, shi ya sa ta ɓoye. Ki nemi yardarta a sanar da mutum ɗaya da ta amince da shi, a kawar da maganin ƙwari na gona da shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, kada a bar ta ita kaɗai, ki tura ta.

Wadda nata bai kai can ba, da yawa za ki iya riƙe ta da kanki. Ki ba ta rana ta musamman wadda ba ta kasuwa ba, minti 15 ko 20 kowane sati. Ki bayyana mata cewa tunani yana sauka a jiki, ku zaɓi abu ɗaya ƙarami da za ta koma yi, ko zuwa islamiyya ko suyar ƙuli da ta bari, ku nemo wa za ta riƙa faɗa wa damuwarta a gida. In har sai an haɗa da magani, irin amitriptyline ko fluoxetine, ki yi shawara da likitan gunduma. Ki gaya mata sai an yi sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ji canji, kuma ana ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan an samu sauƙi. Amitriptyline ba a ba mai tunanin kisan kai shi da yawa a hannu, na sati ɗaya ya isa. Kuma a fara tambaya ko ta taɓa yin kwanaki ba barci tana rawar kai da kashe kuɗi ba lissafi, don irin wannan maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar mata da wancan ciwon rawar kan.

Kin tambayi inda aikinki ya tsaya. Ya fi yadda kike zato faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a 2008 saboda irinki, ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, kuma jagoransa yana nan da Faransanci, kyauta, ki sauke shi a wayarki. Sanya wa ciwo suna na ƙarshe da canza magani ki bar wa likita. Ganewa, awo, kwantar da hankali, turawa da bibiya naki ne. Haka riƙe sirri, wanda a ƙauye ya fi komai wuya, tunda mai shara ma ƴar garin ce. A rajista ki rubuta abin da kika gani da abin da aka faɗa, "ba ta yi barci ba kwana uku, ta ce an musanya ɗanta", kada ki rubuta mahaukaciya.

Ita maijegon ba ta ɓace ba, sunan garinsu yana cikin rajistarki. Jaririn ya haura sati uku, rigakafinsa na sati shida na tafe, wannan ya ishe ki dalilin sallama a gidan ba tare da kowa ya tsargu ba. Ki tafi da ungozoma, ki ɗauki sikeli da abin awon tansiyo. Ki fara auna yaron, don in har yanzu ba ya samun nono shi ne ya fi kusa da haɗari, ki tambayi me ake ba shi. Sannan ki nemi ganin uwar, ki dubi idon sawunta da wuyan hannunta ko akwai shatar igiya.