Gidajen abinci nawa ne a Damagaram? Amsa ga mai shirin buɗe nata

Wata baiwar Allah daga Sabon Gari ta aiko da tambaya. Ta ce ta daɗe tana dafa shinkafa da wake a ƙofar gida, yanzu yayanta da ke aiki a Agadas ya yarda zai ba ta jari ta kama shago, ta sa kujeru da firji, ta buɗe gidan abinci sosai. Sai dai ya gindaya sharaɗi: ta fara gaya masa gidajen abinci nawa ne a cikin Damagaram, don kada a zuba kuɗi a kasuwar da ta riga ta cika. Ta tambayi mutane, wani ya ce ba su kai 50 ba, wani ya ce sun fi 1,000. Maganar wa za ta ɗauka?

Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Yayanki ya yi tambayar mai hankali, kuma waɗanda suka ba ki amsa mai yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa, don ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Na farko yana nufin wurin da ke da rufi da tebur da fanka, inda ma'aikaci ko baƙo zai zauna a kawo masa faranti da cokali. Na biyu ya haɗa da 'yar tuwo-tuwo mai rumfa da benci, da mai shayi da biredi da ƙwai, da mai tsire da balangu, da mai ƙosai da waina da safe, har da yarinyar da ke yawo da tiren dambu a ka. Kafin ki ƙirga komai sai ki raba su gida-gida. Amma kada ki ce masu rumfa ba abokan gasarki ba ne don ke za ki sa kujeru. Mutumin da ya fito da sefa 500 a aljihu da azahar, ciki ɗaya gare shi. In ya cika shi a rumfa, ba zai zo wurinki ba.

Akwai inda za ki fara tambaya. Birnin Damagaram gunduma biyar ne, kowace da ofishinta, kuma masu karɓar kuɗin rumfa da na patanti, wato harajin sana'a, sun san waɗanda suke bi. Ofishin haraji da na 'yan kasuwa su ma suna da sunayen masu rajista. Ki je ki nema, amma ki riƙe a ranki cewa takarda tana ɗauke ne kawai da wanda ya kai kansa ko aka kai shi. Haka taswirar da ke cikin waya: manyan wurare take nunawa, har da waɗanda suka rufe tuni. Abin da za ki samu a nan shi ne mafi ƙarancin adadi.

Sai lissafin baki. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba birnin, da gundumominsa biyar, sama da mutum 300,000, kuma garin ya ƙaru tun daga lokacin. Yawancinsu a gida suke ci. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, mutum ɗaya cikin goma ke sayen abin da zai ƙoshi a waje kowace rana: kwano 30,000 ke nan. In kowace mai abinci tana sallamar mutum 60, ana bukatar masu saida 500. In kuma mutum ɗaya cikin biyar ne, sai su koma 1,000. Kin ga yadda ɗan sauyi guda ya ninka amsar. Amfanin wannan lissafi shi ne ya nuna miki girman abin, cewa maganar ɗaruruwa ake yi in an haɗa da masu rumfa, ba gommai ba.

Ƙirgen da na fi yarda da shi na ƙafa ne. Ba za ki iya zaga garin duka ba, kuma ba ki bukata. Ki zaɓi unguwanni masu hali daban-daban: kewayen kasuwar Dole, bakin tashoshin mota, ƙofar babban asibiti, wajen Jami'ar André Salifou, sai unguwar zama kamar Birni ko Garin Malam. A kowace ki ɗauki yanki da aka san iyakarsa, daga wannan kwalta zuwa wancan masallaci, a ƙirga duk mai saida dafaffen abinci. Abin da kika samu a unguwar zama ɗaya, shi za ki ninka da yawan unguwanni irinta. Kada ki ɗauki adadin bakin kasuwa ki ninka shi da dukan gari, don lungunan Birni ba Dole ba ne. Kuma a ƙirga sau uku a yini, da hantsi, da azahar, da bayan isha'i, saboda wurin da mai ƙosai ta tashi da safe, nan mai shayi zai kafa teburinsa da dare.

Ga wata dabara da za ta gaya miki nawa aka tsallake. Ki tura yara biyu masu karatu, kowa ranarsa, kada su yi shawara da juna, kowa ya rubuta wurin da ya gani da alamarsa: rumfar da ke gindin dogon yaro, mai shuɗiyar tukunya kusa da mai faci. A ce na farko ya kawo 40, na biyu 30, kuma da kika gwada takardun wuri 24 sun fito a duka biyun. Yaro na biyu ya nuna miki cewa cikin kowane wuri 30, na farko ya ga 24 ne kawai, wato huɗu cikin biyar. To 40 ɗinsa huɗu cikin biyar ne na gaskiyar adadin, wanda ya kama 50. Ki ninka 40 da 30, ki raba da 24. Masu ƙidayar namun daji da kifi da wannan hanyar suke aiki, kuma kuɗin kabu-kabu da na goro kaɗai za ta ci miki. In kina son ƙarin tabbaci, ki zauna da mahauci, da mai gidan biredi, da mai saida shinkafa da buhu, ki tambaye su masu abinci nawa suke kai wa kaya kullum. Su ba sa mantawa da abokin ciniki, balle wanda suke bi bashi.

Yanzu ga abin da na fi so ki kai wa yayanki. Ko an ce miki 300 ne ko 800, wannan lamba ba za ta saida miki kwano ɗaya ba. Mai jin yunwa a Tudun Jamus ba zai hau babur zuwa Zango don shinkafar dala ɗari ba. Kasuwarki ita ce iyakar inda mutum zai tako da ƙafa cikin rana ya ci ya koma bakin aikinsa. Don haka ki je daidai shagon da kike son kamawa, ki nemi inuwa ki zauna, daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa la'asar. Ki dubi masu abincin da ke kewaye. Ƙarfe nawa aka sauke tukunya, ƙarfe nawa kika ji ludayi yana kankarar ƙanzo? Mutum nawa suka zo aka ce musu ya ƙare suka juya? Su wane ne masu ci: 'yan kabu-kabu, masu jinya, ɗalibai, ma'aikatan ofis? A tsaye suke ci, ko a leda suke tafiya da shi? In tukwane uku sun ƙare kafin a kira azahar ana ta juya mutane, akwai wurinki ko da masu abinci goma ne a layin. In kuwa mace ɗaya ce tak a wurin, kuma la'asar ta yi rabin tukunyarta na nan, to babu masu ci ne a wurin. Wurin da babu mai abinci ko ɗaya ya fi ba ni tsoro a kan wurin da suka yi yawa.

Kada ki yi wannan zama ranar Alhamis kaɗai. Ranar ce babbar kasuwa, mutanen ƙauyuka sun cika gari, kowace tukunya tana ƙarewa. Ki zo Litinin ma, ki zo Asabar da ofisoshi ke rufe. Ki tuna da azumi, wata guda babu cinikin rana. In kusa da jami'a ne, lokacin hutu masu cinki za su watse, haya kuwa ba ta zuwa hutu.

Daga nan sai ki juya lissafin kanki. Ki haɗa abin da zai fita kullum ko an saya ko ba a saya ba: haya, wuta, yaran aiki, haraji. Ruwa ki ba shi layinsa daban, don kowa a garin nan ya san yadda kuɗin ga-ruwa ke tashi in zafi ya kama, gidan abinci kuma wanke-wanke ba ya ƙarewa. A ce duka sun kama jika 6, wato sefa 6,000, a rana. A ce kuma bayan kin cire shinkafa da mai da nama da itace ko gaz, kowane kwano yana bar miki sefa 150. Sai kin saida kwano 40 kafin dala ɗaya ta zama taki. Ki auna da farashin tiya na lokacin tsada, kafin kaka, ba na bayan girbi ba. Kwanon da aka ci bashi kada ki sa shi cikin 40 ɗin nan sai ranar da aka biya.

In kin gama, abin da za ki aika Agadas ba zai wuce shafi ɗaya ba: ƙiyasin gari daga mafi ƙaranci zuwa mafi yawa, masu abinci nawa ne kewaye da shagon, ƙarfe nawa abincinsu ke ƙarewa, mutum nawa kika ga an juya a rana, da kwano nawa kike bukata ki tsira. In waɗanda ake juyawa, haɗe da tsoffin masu sayenki da za su biyo ki, ba su kai wannan adadi ba, shawarata ki fara da rumfa da benci biyu a wurin na wata uku, firji da kujeru su jira, ragowar jarin kuma ya zauna a hannun yayanki.