Maɗiga da ƙeya

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce kina koya wa 'yan sakandare sassan ƙwaƙwalwa, kina tambaya ko hanin da iyayenmu suke yi, kada a danna maɗigar jariri, kada a bugi yaro a ƙeya, camfi ne ko yana da tushe.

Yana da tushe, kuma da shi nake so ki buɗe darasin. Kowane ɗalibinki ya taɓa ɗaukar ƙaninsa, ya ga wurin nan mai laushi a tsakar ka yana bal-bal. Ƙasusuwan ƙoƙon kai ne ba su gama haɗewa ba, don kan ya iya fitowa wajen haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta samu wurin girma. Yakan rufe wajen wata 18.

Inda na rabu da kakanninki shi ne magani. Shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, sau nawa aka kawo min jariri maɗiga ta lotsa, an shafe ta da baƙin magani, uwar tana kuka wai ciwon maɗiga ne? Ruwan jikinsa ne ya ƙare saboda gudawa. Nono yake so da ruwan gishiri da sukari, a kuma garzaya asibiti. In kumbura ta yi ga zazzaɓi, a ji tsoron sanƙarau. Mu da muka ga annobar 1996 a Kano ba ma wasa da wannan alamar.

Ƙeya kuwa, a nan sashen gani yake, shi ya sa wanda ya bugu a nan yake ganin walƙiya. Ƙasa da shi akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai hana mutum tangaɗi, sai jijiyar da ta gangara wuya, mai riƙe da numfashi da bugun zuciya. Tsohuwar da ta hana mari a ƙeya ba ta san sunayen ba, amma ta binne wanda ya faɗo daga kan jaki ta baya.

Ki gaya wa ɗalibanki bayan goshi ne mazaunin tsai da shawara da danne fushi, kuma ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Su san dalilin da ya sa muke haƙuri da su.

Ki sa mahauci ya fasa miki kan rago a hankali, ki kai aji a faranti, kowa ya taɓa da yatsa. In kin zo hutu ki taho min da littafin da kike koyarwa da shi, ina son ganin zanen ƙwaƙwalwar. Ki gaida maigidan da yara.