Gada ce ke haushi a dajin Indiya?

Tambaya: Na ga bidiyon wata 'yar dabba a dajin Indiya mai kama da gada, tana haushi irin na kare, ga fiƙa ta leƙo daga bakinta. Gadarmu ce ta can?

Amsa: A'a, wannan muntjak ce, kuma danginsu daban ne da gada, duk da kamar da ka gani. Abin da zai raba maka gardama shi ne ƙaho. Na gada ba ya faɗuwa har ta mutu. Namijin muntjak kuwa yana zubar da nasa duk shekara, sabo ya tsiro. Ƙahon gajere ne, yana zaune a kan wani dogon ƙashi mai gashi da ya taso daga goshi. Macen ba ta da shi.

Fiƙar ita ce makaminsa na gaske. Idan maza biyu suka haɗu kan iyaka, da ƙaho suke tura juna, amma da fiƙa ake yanka, shi ya sa za ka ga tsofaffinsu da kunne a yage. Iyakar ma da wari suke shata ta: akwai wani rami a ƙasan kowane ido mai fitar da maiƙo, suna goga shi a jikin rassa.

Haushin kuwa yawanci gargaɗi ne. In ta ji motsin damisa sai ta kama, wani lokaci ta daɗe ba ta yi shiru ba, kuma masu gadin daji a Indiya suna kasa kunne gare shi.

Ba ta da lokacin haihuwa. Ciki wata bakwai, ɗa guda, kwanaki kaɗan bayan ta sauka ta sake ɗauka. Wannan ne ya sa irin na Sin, da aka kai gandun Woburn a Ingila don ado, da suka ɓalle sai suka cika dazukan ƙasar, har suka zama fitina ga ƙananan tsirrai.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana cikin ƙwayoyin halittarta. Ta Sin tana da kuromosom 46 (wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta), daidai da mutum. Ta Indiya, wadda ka gani, macen 6 kacal gare ta, namijin 7, kuma ba a san wata dabba mai shayarwa da ta kai ta ƙaranci ba. A ido kuwa da ƙyar baƙo zai bambance su.

Har yanzu ba a gama sanin danginta ba. Babbar cikinsu sai a 1994 masana suka gano ta a dajin Vu Quang na Biyetnam.