Me ya sa alƙalin wasa ke ƙwace mana jifa?

Tambaya: Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a Tudun Wada, Kaduna. A wasanmu na ƙarshe alƙalin wasa ya yi ta ƙwace mana jifa yana ba abokan karawa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Koci, Allah ya saka da alheri kan hidimar yaran nan. Doka ta 15 cikin dokokin ƙwallon ƙafa ce ta yi bayanin jifa, wato jefo ƙwallo da hannu bayan ta fita ta layin gefe, kuma galibi matsalar a ƙafa take. Lokacin da ƙwallo ke barin hannu, dole wani ɓangare na kowace ƙafa ya kasance a kan layin gefe ko a ƙasa bayan layin. Yaro ya taho a guje yana son ƙwallo ta yi nisa, sai ƙafar baya ta tashi sama, shi ke nan an ƙwace. Koya musu jan yatsun ƙafar baya a ƙasa, har ka ga sawun a turɓaya. Taka layi kuwa ba laifi ba ne, ko da gaban takalmin ya leƙa cikin fili, muddin diddige na kan layin. 'Yan kallo na yawan yi wa alƙalai ihu kan wannan ba da hakki ba.

Sai hannu. Mai jifa ya fuskanci fili, ya riƙe ƙwallo da hannu biyu, ƙwallo ta taso daga bayan ƙeya ta bi ta saman kai. Wanda ya tura ta daga goshi bai yi jifa ba. Kuma a jefa daga inda ta fita. Satar taku biyar ko shida ma na jawo ƙwacewa. Idan jifan daidai ne amma ƙwallo ta taɓa ƙasa kafin ta shiga fili, ku za ku sake.

Abokin karawa ya ja baya aƙalla mita 2. Mai jifa ba zai sake taɓa ƙwallo ba sai wani ya taɓa. Golanku kada ya kama jifan ɗan ƙungiyarsa da hannu, bugun tazara za a ba su a cikin da'irarku. Ba a cin ƙwallo kai tsaye da jifa: ta shiga ragarsu, bugun gola ne, ta shiga taku, kwana ce.

Abin da nake so ka fi ba lokaci a atisaye shi ne babu satar gida a jifa. Ɗan gabanka na iya tsayawa bayan 'yan bayansu ya karɓa, a bar mai ƙarfin hannu ya jefa masa ta gefen layi.